Tatsuniya Tana Ƙarewa Ranar Biki, Aure Kuwa Ranar Yake Farawa



Yawancinmu mun taso muna jin "ga ta nan, ga ta nanku" a bakin kakanninmu. Ku tuna labarin 'yar bora: kyakkyawa, mai haƙuri, ta cuɗa wa tsohuwa baya, ƙarshe ta auri ɗan sarki, ƙurunƙus. 'Yar mowa mai tsiwa kuma ta ƙare a wulaƙance. Darasin ladabi ne mai kyau, ba mu raina shi ba.

Amma ku lura da wani abu. A irin waɗannan labaran, yarinyar kirki ba kasafai ake nuna tana tunani ba. Haƙuri kawai take yi har sa'a ta zo ta same ta. Wadda ke da dabara kuwa, yawanci kishiya ce mai makirci ko tsohuwa mai haɗa husuma. Cinderella da yaranmu ke kallo a waya ma haka take: kyau, takalmi, ɗan sarki, shi ke nan. To yarinyar da ta girma da wannan me za ta ɗauka? Cewa fuska ce jarinta, wayo kuma aikin miyagun mata ne. Yaro namiji shi ma sai ya taso yana tsoron mace mai kaifin ƙwaƙwalwa.

Musulunci ya raba hankali da makirci. A Suratul Ƙasas, ɗaya daga 'yan matan nan biyu na Madyana ita ta ba mahaifinta shawarar ya ɗauki Annabi Musa (AS) aiki, saboda ta ga ƙarfi da amana a tare da shi. Hali ta duba. A Hudaibiyya, shekara ta 6 bayan Hijira, sahabbai sun yi jinkirin yanka hadaya da aski saboda baƙin cikin sharuɗɗan sulhu. Ummu Salama (RA) ce ta shawarci Manzon Allah (SAW) ya fita ya yi nasa ba tare da ya yi wa kowa magana ba. Ya yi hakan, nan take suka bi. Shawarar mace ce fa ta warware wannan damuwa.

Kyau ni'ima ce, kuma hadisi ya ambace shi cikin abubuwa huɗu da ake auren mace dominsu, sannan ya ce a rinjayar da addini. Addini kuwa ba ya tsayuwa sai da ilimi da fahimta.

Tatsuniya tana tsayawa ranar da aka kai amarya. Ba ta faɗa mana ranar da cefane ya gagara, ko yaro ya kwana da zazzaɓi, ko aka samu saɓani da dangin miji. A ranakun nan hankali ne ke riƙe gida, wallahi ba hasken fata ba.

Ban ce a daina tatsuniya ba. Amma iyaye mata, in kun gama, ku tambayi 'yarku: da ke ce, ya za ki yi? Ku kuma ƙara mata da labarin Ummu Salama. Samari masu neman aure, ku ma ku tambayi kanku abin da kuke nema.

Allah Ya ba 'ya'yanmu ilimi mai amfani da mazaje nagari. Amin.