Da Wane Mudu Za a Auna Taimakon Manomi?

Idan Gwamnati ta ɗebi kuɗi daga baitulmali don ta taimaki manoma, hanya biyu ce a gabanta: ko ta ƙidaya mutane, ko ta ƙidaya eka. Galibin gwamnatocin duniya eka suke ƙidayawa. A Amurka, tun 1933 ake biyan manoma kuɗin taimako, mai babbar gona kuwa shi ke kwasar babban rabo. A ƙasashen Tarayyar Turai ma wajen kashi 80 cikin 100 na kuɗin yana shiga hannun kashi 20 cikin 100 na masu karɓa.

Mu a nan ba safai akan ba manomi kuɗi a hannu ba, rangwame akan yi masa. A 1976 Gwamnatin Tarayya ta ɗauki sayen takin zamani a hannunta, tana sayarwa ƙasa da rabin kuɗinsa. To, mai karatu, lura da wannan: rangwamen bisa kan buhu yake, ba bisa kan mutum ba. Mu ɗauki misali da magidanta biyu a ƙasar Gafasa, inda jigawa ba ta ba da gero da gyaɗa sai an ciyar da ita. Ɗaya yana da eka uku, ɗaya yana da eka ɗari. Mai ɗari ya sayi buhu hamsin, watau an yi masa kyauta sau hamsin. Mai uku kuwa takin ya zo masa da bazara, rumbu ya yi ƙasa, ba ko kuɗin buhu ɗaya. Lokacin noman fari sai ka gan shi yana ƙodago a gonar wancan, tasa ciyawa na ci. Kuɗin rangwamen nan fa na jama'a ne duka, har da shi.

Ba rangwame kaɗai ba. A shirin raya noma da aka fara a Funtuwa a 1975 da bashin Bankin Duniya, an kasa manoma kashi kashi, malaman gona suka fi mai da hankali ga manya da waɗanda aka kira masu ci gaba.

Masu goyon bayan wannan hanya suna da hujja, kuma ba ta banza ba ce. Suka ce Gwamnati ba sadaka take yi ba, abinci take nema. Mai eka ɗari shi ke cika kasuwar Dawanau da hatsi, in hatsi ya yi yawa ya yi araha, talaka ya saya. Na yarda da rabin maganar. Amma wanda ke iya sayen taki ko ba rangwame, me kyautar ta ƙara wa ƙasa? Da ma zai zuba. Buhun da ke haifar da damin da ba a taɓa samu ba shi ne wanda ya faɗa gonar da ba ta saba ganinsa ba. Ashe ko don abincin ma, gonar mai eka uku ce ta fi cancanta. Ga shi kuwa mun san tsarin zakka: sai hatsi ya kai wusuki biyar ake fitarwa, daga mai shi zuwa ga maras shi. Rangwame bisa kan buhu yana juya wannan tsari ne a baibai.

An taɓa gwada ƙidayar mutane. A 2012, zamanin da Akinwumi Adesina ke ministan gona, aka rubuta sunayen manoma, aka ce kowa buhu biyu a rabin kuɗi, sanarwa ta wayar hannu, mai eka uku da mai ɗari duk ɗaya. Shirin bai rasa aibu ba. Wani ba shi da waya, wani takin bai iso ba sai da gero ya yi bununi, wani kuma ya karɓa ya sayar a bakin wurin rabo don gida ba abinci, mai eka ɗari ya saya.