Da Me Ake Auna Kama Tsakanin Makaɗa Biyu?

Mai ƙaunar wani gwanin jita yakan kai matakin da ya haddace dukkan faya-fayansa, sai ya shiga cigiyar wani mai kama da shi. A fagen kiɗan rock na ƙananan kamfanoni, wanda ake kira indie, wannan cigiya ruwan dare ce, kuma a ƙarƙashinta akwai tsohuwar tambaya ta falsafa: in an ce abu biyu sun yi kama, ta wace fuska ake nufi?

Johnny Marr ya isa misali. Shi ne makaɗin jitar The Smiths, ƙungiyar da aka kafa a Manchester ta Ingila a 1982, ta watse a 1987. An san shi da tsintar tsirkiyoyi ɗaya bayan ɗaya cikin sauri, sauti na fita garau, sannan a ɗakin ɗaukar sauti ya yi ta ɗora jita a kan jita har kiɗan ya yi kauri. Idan kunne ne alƙali, Peter Buck na ƙungiyar R.E.M. ta Amurka yana kusa da shi, don dukansu sun kaɗa jitar Rickenbacker, kuma Roger McGuinn na The Byrds ya riga su fitowa da irin wannan sauti tun shekarun 1960. Idan kuwa tushe za a bi, hanya ta sauya. Marr ya sha ambaton Nile Rodgers na Chic, makaɗin disko, da Bert Jansch mai kiɗan gargajiya, da James Williamson na The Stooges a matsayin waɗanda ya ɗebi salo a wurinsu. Da wuya baƙon kunne ya haɗa ɗayansu da The Smiths.

Masanin falsafa Nelson Goodman ya yi hujja a 1972 cewa duk abu biyu a duniya sun haɗu a wata siffa, saboda haka cewa sun yi kama ba tare da faɗin siffar ba, magana ce marar ciki. Ludwig Wittgenstein, a littafinsa da ya fito a 1953, ya kwatanta lamarin da 'yan gida ɗaya: wannan ya ɗauko hancin uba, wancan tafiyar kaka, babu siffa guda da ta game kowa, amma dangantakar a fili take.

Manhajojin sauraron kiɗa dole suka zaɓi fuska ɗaya, ko da ba su faɗa ba. Pandora ta dogara da wani aiki da aka fara a 2000, inda ƙwararru ke sauraron waƙa suna yi mata alama da ɗaruruwan siffofi. Last.fm da Spotify sun fi karkata ga ɗabi'ar jama'a: masu jin wane su ne masu jin wane. Wannan ma'auni na biyu taron masu sauraro yake aunawa fiye da kiɗan kansa, shi ya sa yake yawan mayar da mutum unguwar da ya baro.

Kunne ma yana ruɗi. Mdou Moctar, Ba'abzinen Nijar da kamfanin Matador ya fitar wa faifan Afrique Victime a 2021, marubutan Turai da Amurka sun yi ta jingina shi da Jimi Hendrix. Bahago ne kamar Hendrix, kuma jitarsu iri ɗaya. Amma wanda ya sa masa sha'awar jita tun yana yaro shi ne wani makaɗin jita daban, Abdallah Oumbadougou. Kama da wane ba wane ba ce.

Akwai kuma matsala a cikin buƙatar kanta. Abin da ya kama zuciyar mai sauraro ranar farko shi ne jin abin da bai taɓa ji ba, mai kwaikwayo kuwa ba shi da wannan hajar. Saboda haka bin sawun waɗanda gwanin ya saurara da waɗanda ya yi aiki da su ya fi amfani. Marr kansa ya shiga Modest Mouse a 2006, ƙungiyar Amurka mai kaushin sauti da ba ta yi kama da The Smiths ba, kuma faifan da suka fitar tare a 2007 ya hau matsayi na ɗaya a jadawalin Billboard.