Ɗana, Dakata Kafin Ka Danna Aika

Ɗana, da kai nake, kai da aka ɗora wa nauyin aika saƙonnin ƙungiya, ko na makaranta, ko na ofishinku. Ke ma 'yata da ke zaune a teburin sakatariya, ki ba ni aron kunnenki. Na san abin da ke ci muku tuwo a ƙwarya. Shekara da shekaru kana buɗe jadawalin sunaye, ka kwafo adireshin imel ɗari biyu, ka liƙa su a gurbin masu karɓa, ka danna aika, ka miƙe ka tafi alwala. Sai aka wayi gari kwamfuta ta sabunta manhajar imel ɗinka cikin dare. Ka zo da safe ka liƙa kamar kullum, abu ya ce bai san zancen ba. Wani sa'in adireshin duka su dunƙule wuri guda su yi jawur. Wani sa'in na farko kaɗai ya shiga, sauran ko sama ko ƙasa. Wani sa'in kuma sunan mutum ɗaya ya rabu gida biyu. Ga shugaba yana leƙowa yana cewa, "An tura kuwa?" Ga taro gobe da hantsi.

Ban ga laifinka ba idan ranka ya ɓaci. Hannunka ya saba da hanya, aka sauya ta ba tare da an nemi shawararka ba. Kuma ba a kanka farau ba. A watan Yulin 2020, lokacin da manhajar imel ta Thunderbird ta fito da sigarta ta 78, ta rushe tsarin da mutane suka daɗe a kai, inda kowane mai karɓa ke da layinsa, ta tara su duka a gurbi ɗaya, kowane adireshi cikin ɗan ƙunshinsa. Masu aika wa jama'a da yawa sun sha wahala kafin hannunsu ya faɗa. Haka Microsoft ta daina kula da tsohuwar manhajar wasiƙu ta Windows a ƙarshen 2024, ta tura mutane zuwa sabuwar Outlook. Kamfanonin nan za su ci gaba da sauye-sauyensu, ko mun so ko mun ƙi. Abin da ya rage gare ka shi ne ka san inda gizo ke saƙar.

Idonka yana ganin jerin adireshi a jere, ɗaya ƙarƙashin ɗaya. Kwamfuta ba haka take gani ba. Ita alama take nema da za ta gaya mata nan wannan ya ƙare, nan na gaba ya fara. Ƙa'idar saƙon imel da aka rubuta tun 1982, wadda ake kira RFC 822, waƙafi ta ajiye don wannan aiki, kuma a kansa Gmail da Thunderbird suke. Outlook kuwa waƙafi mai ruwa ta saba da shi, kodayake a tsohuwar sigarta akwai wurin da ake ba ta izinin karɓar waƙafi zalla. Akwai hikima a nan. Ofisoshi da dama suna fara rubuta sunan mahaifi, su sa waƙafi, sannan sunan yanka. Manhajar da ke raba mutane da waƙafi, in ta ci karo da irin wannan suna ba a killace shi cikin alamar zance ba, sai ta ɗauka mutum biyu ne. Dalilin rabuwar sunan da ka gani ke nan. Idan kuma wani ya taɓa gyara maka saitin shekarun baya har ka manta, ƙaura zuwa sabuwar manhaja takan mayar da komai yadda kamfani ya tsara, sai ka ga jerin da ya yi aiki jiya ya ƙi yau, alhali ko harafi ɗaya bai sauya a cikinsa ba.

Akwai kuma dattin da ido ba ya gani. Abin da ka kwafo daga Excel yana tafe da alamomin tsallake layi da na tsallake gida. Wanda ka kwafo daga Word, ko takardar PDF, ko saƙon WhatsApp, yakan ɗauko wata irin tazara da ta yi kama da ta kullum amma ba ita ba ce. Wani adireshin an liƙa masa aya a wutsiya saboda a ƙarshen jimla aka rubuto shi. Wani kuma mai shi ya cika fom da wayarsa, waya ta gyara masa sunansa ta sa ƙ ko ɗ mai lanƙwasa a inda adireshin nasa k ko d ne. Mai yiwuwa tsohuwar manhajar tana kau da kai ta share wasu daga cikin waɗannan da kanta, sabuwar kuma ta tsaya kai da fata. Ɓara-gurbi ɗaya cikin ɗari biyu ya isa ya tsayar da saƙon gaba ɗaya.

Duk wannan mai sauƙi ne, ɗana, minti goma ya ishe shi. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami daban ne. Ina jin tsoron abin da mutum kan yi a daidai lokacin da gumi ya keto masa kuma ake tsaye a kansa. Gurabun masu karɓa uku ne. Na farko, wanda aka rubuta wa To, da na biyu, Cc, duk wanda ka sa a ciki kowa zai ga adireshinsa. Na uku, Bcc, wanda 'yan'uwanmu na Nijar masu aiki da Faransanci ke gani an rubuta Cci, shi ne mai rufa asiri: kowa zai sami saƙo, babu mai ganin na ɗan'uwansa. To, wannan na ukun shi ne manhajoji suka fi ɓoyewa. A Outlook sai ka nemo shi ka buɗe. A Gmail ɗan rubutu ne ƙarami a gefe. In aka sabunta manhaja aka sauya masa mazauni, gurbin farko shi ne ke buɗe a gabanka, shi ne kuma hannu zai fara kaiwa. Ka liƙa, ya karɓa, ka yi ajiyar zuciya, ka danna aika. A wannan daƙiƙa ka raba wa mutum ɗari biyu adireshin junansu, ka kuma shaida wa kowannensu su wane ne ke cikin jerin.

Kada ka ce ai adireshi ne kawai. A watan Satumbar 2015, wani asibitin kula da cututtukan da ake ɗauka ta saduwa a Landan, mai suna 56 Dean Street, ya aika wa mutum 781 wasiƙar da yake aika wa masu zuwa sashen cuta mai karya garkuwar jiki. Aka sa adireshinsu a gurbin da kowa ke gani. Mafi yawan adireshin suna ɗauke da cikakken sunan masu su. Hukumar kare bayanan jama'a ta Birtaniya ta ci hukumar asibitin tarar fam 180,000 a 2016, amma wace tara ce za ta mayar wa mutum sirrin ciwonsa bayan maƙwabcinsa ya karanta sunansa? Ga misali na biyu da ya fi wannan tayar da hankali. A ranar 20 ga Satumbar 2021, 'yan makonni bayan Taliban sun karɓe Kabul, Ma'aikatar Tsaron Birtaniya ta aika saƙo ga 'yan Afganistan da suka yi wa sojojinta aiki, ciki har da tafintoci, waɗanda ke jiran a kwashe su. Bayanan mutum 245 suka fito fili ga duk wanda ya sami saƙon. Mutum biyu suka mayar da amsa ga kowa da kowa, ɗayansu har da faɗin inda yake. Mutanen da ke ɓuya don tsira da rayukansu ke nan. A Disambar 2023 aka sanar da tarar fam 350,000 a kan ma'aikatar. A duka biyun ba manhaja ce ta yi ɓarnar ba. Ma'aikaci ne irinka, da jeri a hannunsa, ya zuba shi a gurbin da bai dace ba.

Yanzu dubi naka jerin da idon basira. Wataƙila iyayen yaran da ba su gama biyan kuɗin makaranta ba ne. Wataƙila zawarawa da marayun da ƙungiyarku ke tallafa wa a ɓoye. Ko masu neman aiki waɗanda ba sa so inda suke yanzu a san suna nema. Ko matan aure da suka ba da adireshinsu don karatu kawai, ba don wani baƙo ya fara rubuto musu ba. Kowannensu ya miƙa maka adireshinsa ne bisa yarda, kuma ka san matsayin amana a wurinmu tun kafin a yi doka. Yanzu ga dokar ma ta zo: tun watan Yunin 2023 Nijeriya ke da dokar kare bayanan jama'a, da hukumar da ke kula da ita. Saƙon imel kuwa zarar bunu ne. Gmail tana ba ka damar janye shi, amma iyakarta daƙiƙa 30, kuma sai ka je saiti ka ƙara wa'adin da kanka ya kai hakan. Ka ƙara shi yau.

Ga yadda nake so ka riƙa yi. In liƙi ya ƙi, cire hannunka daga kan linzami, ka gaya wa mai jiranka gaskiya: manhaja ta sauya, ina bukatar minti goma. Buɗe Notepad ka zuba jerin a ciki. Ita ba ta san ado ba, za ta tuɓe masa launi da ƙawa, ka ga rubutun tsurarsa. Bi shi da ido layi-layi, ka cire sunaye ka bar adireshi zalla, ka nemi aya ko tazarar da ta maƙale a ƙarshe, ka tabbatar kowane layi yana da alamar @ guda ɗaya tak. In jerin yana Excel ne, daga sigar 2019 zuwa sama akwai dabarar TEXTJOIN, wadda a Faransanci ake kira JOINDRE.TEXTE, da za ta haɗa maka adireshin duka a layi guda, ta sa waƙafi ko waƙafi mai ruwa a tsakaninsu, duk wanda manhajarka ke so. A Word ma kana iya cewa ta nemo ^p, wato ƙarshen kowane layi, ta musanya shi da alamar. Wajen liƙawa kuma, a manhajoji da yawa Ctrl da Shift da V tare suna liƙa rubutu ba tare da tarkacensa ba.

Daga nan sai gwaji. Sa adireshinka da na abokan aiki biyu a Bcc, ka aika, ka je teburin ɗayansu ka duba da idonka abin da ya iso masa. In ya yi daidai, liƙa babban jerin, sannan ka ƙirga. Jadawali ya ce 200, manhaja ma ta nuna 200? In ta nuna 197, akwai mutum uku da za su zo jibi suna cewa ba a gayyace su ba, kuma a wurinmu rashin gayyata ba ƙaramar magana ba ce. Ka sani kuma Gmail ta kyauta ba ta barin ka wuce masu karɓa 500 a rana. Ni dai shawarata, ka kasa dogon jeri kashi-kashi, domin in kuskure ya auku ya tsaya a kan kaɗan.

Wanda ke aika wa mutane ɗaya kowane mako bai kamata ma ya dogara da kwafa da liƙawa ba. Ya haɗa su rukuni guda a littafin adireshin manhajar, ko ya koyi yadda Word da Outlook ke haɗuwa su aika wa kowa nasa saƙon shi kaɗai da sunansa a kai. Asalin jerin kuma ya zauna a fayil daban, a wurin da ba kowa ke kaiwa ba. Sunayen da manhaja ke cika maka da kanta in ka fara rubuta harafin farko ba littafin adireshi ba ne, suna iya ɓacewa ranar ƙaura.

Na san abin da zuciyarka ke raya maka: in kashe sabuntawar nan kowa ya huta, ko in nemo tsohuwar manhajar a wurin masu gyara a kasuwa. Kul! A watan Mayun 2017 ƙwayar WannaCry ta kulle kwamfutoci a ƙasashe da dama, har asibitocin Ingila suka riƙa soke ganin marasa lafiya, alhali Microsoft ta fitar da maganin ɓarakar tun watan Maris. Waɗanda ba su sabunta ba su abin ya ci. Kuma sabuntawa takan zo da alheri: Thunderbird ɗin da ta wahalar da mutane a 2020, ita ce a shekarar da ta biyo baya ta ƙara gargaɗin da ke tunatar da mai aika wa jama'a da yawa a fili cewa ya koma Bcc. Abin da za ka iya shi ne zaɓen lokaci. Kada ka sabunta ana gobe babban aike. Bari sai ranar da aiki ya lafa, ka sabunta, ka yi gwajin nan na mutum uku tun babu mai tsaye a kanka.

Ku kuma shugabanni, ku ji tsoron Allah game da yaran nan. Tsayuwarku a bayan kujerarsu kuna ƙirga mintoci tana cikin abin da ke jefa su a kuskure. Yaron da ya ce a ba shi lokaci ya duba jeri, sunan ma'aikatarku yake karewa.

In kuwa ƙaddara ta riga fata, ka ga saƙo ya fita da adireshin mutane a fili, kada ka yi shiru kana fatan ba wanda zai lura. Tashi nan take ka sanar da na gaba da kai. Dokar 2023 ta ba ma'aikata awa 72 ta kai rahoto ga hukuma idan fallasar na iya cutar da masu bayanan, kuma ɓoyewarka tana cinye wannan lokaci. A rubuta wa mutanen, ta Bcc a wannan karon, a ba su haƙuri ba tare da kwana-kwana ba, a roƙe su su goge saƙon, kada kowa ya mayar da amsa ga jama'a duka.

Gobe da safe, ɗana, tun kafin a kawo maka saƙon da za ka tura, buɗe manhajar ka nemo inda Bcc ya koma, ka tace jerinka, ka gwada da mutum uku. Ke ma 'yata haka, kuma ki nuna wa ta kusa da ke. Allah ya yi muku albarka, ya rufa muku asiri.