Murtala: Tsakanin Gaggawa Da Adalci

Kowace safiya nakan bi Titin Ibrahim Taiwo a hanyata ta zuwa makaranta, in ratsa cunkoson 'yan kasuwa da masu tura kaya a baro. Wata rana na tambayi ɗalibaina ko wane ne mai sunan titin nan. Aka yi tsit. Sai na gaya musu cewa Kanar Ibrahim Taiwo gwamnan soja ne na Jihar Kwara, an kashe shi ranar Juma'a 13 ga Fabrairu 1976, ranar da 'yan juyin mulkin Laftanar Kanar Dimka suka harbe Janar Murtala Ramat Muhammad a Legas. Da jin sunan Murtala, wani yaro ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, ai irinsa muke buƙata, mai gyara nan take." Maganar yaron nan ta hana ni sakat, domin tambaya ce babba: shin kyakkyawar niyyar shugaba tana halatta masa ya tsallake matakan adalci?

Mai karatu, kada ka ɗauka ina neman rage wa ɗan Kano daraja. Murtala ya hau mulki a ƙarshen Yulin 1975, Nijeriya tana da kusan shekara 15 da samun 'yanci, shekara biyar da gama yaƙin basasa. Ya tarar da ɗaruruwan jiragen ruwa maƙare da siminti sun toshe tashar Legas, gwamnatin Gowon kuma ta janye alkawarin miƙa mulki a 1976. Cikin kimanin kwana 200 ya girgiza ƙasar. Ya goyi bayan MPLA a Angola duk da matsin lambar Amurka. Ya riƙa yawo ba jiniya ba jerin gwanon motoci, har ajali ya same shi cikin cunkoson hanya kamar kowa.

To amma idan muka baje ayyukansa a faifai, za mu ga sun kasu biyu. Akwai waɗanda ya yi da shawara. Ya naɗa kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda a kan batun sabon babban birni, aka zaɓi Abuja, har gwamnati ta koma can a Disambar 1991. Kwamitin Mai Shari'a Ayo Irikefe ya duba batun jihohi, suka tashi daga 12 zuwa 19. A nan ne aka raba Arewa maso Gabas ta zama Bauchi da Borno da Gongola. Kwamitin Rotimi Williams ya zauna rubuta tsarin mulki, wanda ya kawo mana tsarin shugaba mai cikakken iko. Ranar da ya tsayar ta miƙa mulki, 1 ga Oktoba 1979, ita ce Obasanjo ya cika ga Alhaji Shehu Shagari. Duk waɗannan sun rayu bayan mai su, domin shawara ɗaukar ɗaki ce.

Akwai kuma abin da ya yi da umarni kawai. Ma'aikata fiye da 10,000 aka sallama, har da alƙalai da malaman jami'a, da yawansu ba a ji ta bakinsu ba. Mutum yana zaune sai ya ji sunansa a rediyo. Babu shakka an kori ɓarayi da malalata, amma tsintsiyar ta haɗa da masu gaskiya waɗanda wani maƙiyi ya kai sukarsu. Me sauran ma'aikata suka koya? Bahaushe ya ce idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Wanda ya ga an kori na gaba da shi dare ɗaya, ba gida ba tanadi, sai ya fara tunanin tara abin gobe tun yana kan kujera. Ta haka maganin da aka kawo don kashe cuta ya ƙara mata ƙarfi. Sauri ya haifi nawa.

Haka nan, mu da muke maƙwabtaka da Sabon Gari bai kamata mu manta ba cewa akwai 'yan'uwanmu da sunan Murtala ke tuna musu da Asaba, inda a Oktoban 1967 sojojin runduna ta biyu, wadda yake jagoranta, suka kashe ɗaruruwan fararen hula. Ƙaunar gwarzo ba ta hana a faɗi gaskiyar tarihinsa.

Ga abin da na koma na gaya wa ɗalibina. Ni kaina idan na shiga aji na tarar da hayaniya, na zane kowa da kowa, aji zai yi shiru, kuma za a ce ni jarumi ne. Amma yaron da na doka ba laifi ya koyi cewa gaskiya ba ta kare mai ita. Shugaba malamin ƙasa ne, hanyar da ya bi ita ce darasin da jama'a ke haddacewa, fiye da niyyar da ke zuciyarsa. Mu roƙi Allah Ya ba mu mai zuciyar Murtala wajen ƙin zalunci da gudun abin duniya, wanda kuma zai saurari wanda ake tuhuma kafin ya yanke hukunci.

Allah Ya jiƙan magabata, Ya sa mu dace.