Ladabin Ruwa: Abin da Tsibirin Ngazija Yake Koya wa Muridi

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah Mai shayar da bayinSa. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Bayan haka:

Ya ku ƴan uwa a cikin Allah, ni ƙaramin almajiri ne, ban kai in yi wa kowa wa'azi ba. Tunatarwa ce nake yi wa kaina, wanda ya ga amfani ya ɗauka.

A Tekun Indiya, tsakanin Mozambik da Madagaska, akwai tsibirin Ngazija, mafi girma a tsibiran Komoro, inda babban birninsu Moroni yake. Mutanensa Musulmi ne, mabiya mazhabar Imamu Shafi'i, kuma ma'abota zikiri. A Moroni aka rufe Shehu Muhammadu Al-Ma'aruf, wanda ya yaɗa ɗariƙar Shaziliyya a can, ya rasu a 1904, Allah Ya ƙara masa yarda.

Ana ruwan sama mai yawa a wannan tsibiri, amma babu kogi ko ɗaya da yake gudana duk shekara. Dalili kuwa ƙasar ta samu ne daga aman dutse, mai ƙofofi ce kamar rariya, ruwa na sauka tana shanye shi. Rijiyoyi da yawa na bakin teku kuma zartsi ne, domin ruwan gishiri yana kutsowa ta ƙarƙashi. Saboda haka ƙauyuka da dama sun dogara ga tankunan siminti da suke tara ruwan da ya gangaro daga rufin ɗaki. Abin da aka tara daga Nuwamba zuwa Afirilu, da shi za a lallaɓa watannin da ruwa yake ja baya. A 2005 dutsen Kartala, mai tsawon sama da mita 2,300, ya yi aman toka har sau biyu, tokar ta faɗa cikin tankuna ta ɓata su, sai da aka riƙa kai wa mutane ruwa a mota.

Ku auna halin uwar gida a irin wannan wuri. Kullum ta leƙa tanki tana ganin iyakar abin da ya rage. Dole ta rufe bakinsa, ta toshe tsaga tun tana ƙarama, ta ɗiba da moɗa gwargwadon buƙata. Ruwan wankin shinkafa ya tafi gindin shuka, na ɗaurayar tufafi ya share ƙasa. Bokitin da ta zubar a banza yau, shi ɗanta zai nema watan gobe ya rasa.

To, abin da larura ta koya mata, Sunna ta riga ta koya mana. Ya tabbata a Buhari da Muslim, daga Anas ɗan Malik, cewa Manzon Allah (SAW) yana alwala da mudu ɗaya, yana wanka da sa'i ɗaya zuwa mudu biyar. Mudun nan cikin tafi biyu ne na matsakaicin mutum, bai kai lita ɗaya ba. Mafificin halitta ke nan, wanda alwalarsa ta fi ta kowa cika. A Suratul A'arafi Allah Ya halatta mana ci da sha, Ya hana mu ɓarna, Ya kuma sanar da mu cewa ba Ya son maɓarnata. Mai Risala, Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, ya ƙidaya ƙaranta ruwa tare da kyautata wanki a cikin sunna, ya ɗauki kwararar da shi a matsayin wuce iyaka. Har malamanmu sun ce wanda ɗan ruwan da yake hannunsa na sha ne, yana tsoron halaka ga kansa ko ga wani rai mai alfarma, ya ajiye ruwan ya yi taimama.

A nan na ji kunyar kaina. Sau nawa nake buɗe famfo a masallacin makaranta, in bar shi yana zuba ina shafar kai, ina wanke ƙafa sau huɗu sau biyar wai don tsantseni? Wannan wasuwasi ne. Muridin da yake ƙidaya lazimi da carbi, bai yarda ya ƙara ko ya rage ba, yaya zai kasa ƙidaya wanki uku? Alhali ƴan uwanmu na Damagaram sun san yadda ake kwana a layin famfo da jarka.

Akwai kuma ishara ga mai hankali. Zuciyar gafili kamar ƙasar Ngazija take: rahama tana sauka a kanta dare da rana, tana zurarewa, babu abin da ya tsaya. Ladabi shi ne tankin da yake riƙe ta, ɓarna kuwa tsaga ce a jikinsa. Wanda bai kiyaye ni'imar da yake gani a buta ba, da wuya ya kiyaye wadda ba ya gani.

Don haka mu fara daga yau. Mu yi alwala da buta, mu bar famfo a rufe. Mu yi wanka da bokiti ɗaya. Mu gyara abin da yake ɗiga a gida, mu rufe randa, mu koya wa ƙannenmu da aiki kafin magana. Mu yi niyyar bin Sunna a ciki, domin tattalin ya zama ibada.

Ya Allah Ka shayar da mutanen Ngazija da duk mai ƙishi, Ka yafe mana abin da muka ɓarnatar, Ka shayar da mu daga tafkin Alkausara, albarkar Annabi Muhammadu (SAW). Amin.