Tsakanin Doka da Lamiri: Mu da Maganar Auren Jinsi

Akwai maganar da kunya ta daɗe tana hana mu yi a bainar jama'a, amma yanzu rediyo da wayar hannu sun shigo da ita har tsakar gida. A tashar motar Jega, da wajen masu ɗaurin albasa a Aliero, da majalisun yamma na Jiga Birni da Maiyama, ba a rasa mai tayar da zancen auren jinsi, wato namiji ya auri namiji ko mace ta auri mace. 'Ya'yanmu da ke karatu a jami'ar kimiyya da fasaha da ke Aliero suna ji, suna kuma tambaya. In Ikilisiya ta yi shiru, waɗansu ne za su amsa musu.

Bari mu fara duba yadda doka ta yi ta sauya launi. Kundin laifuffuka na Arewa, wanda aka tsara a ƙarshen mulkin Turawan Ingila ya kuma fara aiki a 1960, ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 14 a kan saduwar da ya kira saɓa wa ɗabi'a. Shekara 7 kacal bayan haka, a 1967, Ingila ta janye hukuncin daga kan manyan maza da suka yi abinsu a ɓoye, a 2013 kuma majalisarta ta halatta auren jinsi ɗungum. Holan ce ta fara halatta shi a 2001. Afirka ta Kudu ta bi a 2006. A Mayun 2015 mutanen Ailan, ƙasar da ta aiko wa Nijeriya firistoci da sistoci masu yawa, suka kaɗa ƙuri'a suka amince da shi, a ranar 26 ga Yuni na wannan shekara kuma Kotun Ƙolin Amurka ta yanke cewa haƙƙi ne a dukan jihohinta. Daga Amurkar nan ne kuwa limaman Dominikan suka zo suka aza harsashin Ikilisiyar Sakkwato a shekarun 1950.

Mu kuwa sai muka bi ta wata hanya dabam. Daga 2000, jihohin Arewa 12 suka kafa dokokin laifuffuka na Shari'a, Zamfara a gaba, Kebbi ma ta bi a zamanin Gwamna Muhammad Adamu Aliero. Dokokin Musulmi suka shafa, hukuncinsu kuma yana iya kaiwa ga jifa. A Janairun 2014 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a Dokar Haramta Auren Jinsi: shekara 14 ga waɗanda suka ƙulla irin wannan aure, shekara 10 ga wanda ya ɗaura shi, ko ya shaida shi, ko ya tallafa wa ƙungiyarsu.

To, ga abu guda, a cikin tsawon ran mutum guda, ya tashi daga laifi ya koma haƙƙi a London, alhali a Abuja sai ƙara ɗaure shi aka yi. Wanda ya jingina lamirinsa ga dokar ƙasa kaɗai, dole ya sake lamiri duk ran da ya tsallaka iyaka, ko ran da majalisa ta sake zama. Saboda haka tambayar Kirista ita ce: mene ne gaskiya a gaban Allah, ko da doka ta ce me?

Game da aure, amsar Ikilisiya ba ta da lauje cikin naɗi. Tun daga Littafin Farawa, har zuwa abin da Ubangijinmu ya tabbatar a Matiyu sura 19, aure alkawari ne na har mutuwa tsakanin namiji ɗaya da mace ɗaya, domin taimakon juna da haifar 'ya'ya da tarbiyyarsu. Tsakanin masu baftisma kuwa sakramenti ne. Majalisa ba ta ƙirƙiro shi ba, don haka ba ta da ikon sake masa siffa. Da Roma ta fitar da takardar Fiducia Supplicans a ranar 18 ga Disamba 2023, wadda ta ba firist damar sa wa irin waɗannan mutane albarka ta gajeriyar addu'a ba tare da wani biki ba, jama'a da yawa sun rikice, har maƙwabta suka riƙa yi wa waɗansunmu gori cewa Paparoma ya halatta. Bai halatta ba. Takardar da kanta ta nanata cewa koyarwar aure tana nan yadda take. Bishof-bishof na Nijeriya sun sanar a cikin makon cewa ba za a sa wa haɗin jinsi ɗaya albarka a ƙasar nan ba, a ranar 11 ga Janairu 2024 kuma Kadinal Fridolin Ambongo na Kinshasa ya faɗi haka da sunan bishof-bishof na Afirka. Wannan gefen bai ba mu wuya, domin al'adarmu da ta maƙwabtanmu Musulmi duk sun yi daidai da shi.

Ɗaya gefen ne muke tsallakewa. Katikizim ɗin da ya ce wannan aiki ba ya halatta, a lamba 2357, shi ne a lamba ta gaba, 2358, ya umarce mu mu karɓi masu wannan hali da girmamawa da tausayi, mu kuma guji nuna musu bambanci na zalunci. Ya ƙara da cewa ga yawancinsu halin jarrabawa ce. Ba a ba mu zaɓi mu ɗauki lamba ɗaya mu ajiye ɗaya ba. Sha'awar da mutum ya tsinci kansa da ita dabam, aikin da ya zaɓa ya yi dabam. Kiran tsarkin jiki da aka yi masa kuwa, shi aka yi wa gwauro da budurwa da firist.

Akwai kuma bambanci tsakanin zunubi da laifin da hukuma ke ɗaure mutum a kansa. Waliyyi Toma na Akwino ya koyar tun ƙarni na 13 cewa dokar mutane ba ta hana kowace mugunta. Tana hana manya ne, musamman waɗanda ke cutar da waɗansu, irin su kisa da sata, waɗanda jama'a ba za ta zauna lafiya da su ba. Ƙarya zunubi ce, girman kai zunubi ne, cin amanar aure ma haka, amma ba mu taɓa roƙon gwamnati ta gina kurkukun da zai ɗauke su duka ba, (da ta gina, da wuya a sami mai gadin ƙofa). A kan wannan ne marigayi Paparoma Francis ya ce a Janairun 2023 kasancewa mai wannan hali ba laifin kotu ba ne, dokokin da ke hukunta mutum a kansa kuma ba na adalci ba ne. Gaskiya ne Babban Bishof Ignatius Kaigama, a matsayinsa na shugaban bishof-bishof na Nijeriya a lokacin, ya yaba wa dokar 2014; amma a Oktoban wannan shekara a Roma ya bayyana cewa kare aure ne nufinsu, ba muzguna wa mutane ba. A ganinmu, ƙasa tana da haƙƙin ƙin kiran abin da ba aure ba da sunan aure. Ko ɗaurin shekara 14 yana shiryar da wani, ko yana kare auren wani, wannan kam muna shakka.

Abin da ya biyo bayan dokar ya isa ya sa mu tunani. A Janairun 2014 taron mutane suka yi wa wata kotun Shari'a a Bauchi ruwan duwatsu, suna neman a miƙa musu waɗanda ake tuhuma tun alƙali bai gama sauraro ba. A Fabrairu, a unguwar Gishiri ta Abuja, aka fito da samari daga ɗakunansu cikin dare aka lakaɗa musu duka. A Afrilun 2017 aka kama mutum 53 a Zariya bisa zargin bikin auren jinsi. Irin wannan zargi ba ya neman shaida; ya isa a ce yaro yana rangwaɗa, ko ya daɗe bai yi aure ba, ko yana da maƙiyi. Hausawa sun ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya.

Mu Kiristocin wannan yanki bai kamata a yi mana dogon wa'azi a kan hukuncin taron jama'a ba. A ranar 12 ga Mayu 2022 aka jefe wata ɗaliba Kirista aka ƙone ta a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari da ke Sakkwato bisa zargin saɓo, kwana biyu bayan haka aka farfasa tagogin Majami'ar Iyali Mai Tsarki. A lokacin mun ce, da gaskiyarmu, babu mai ikon zama mai ƙara da alƙali da hauni a lokaci guda. In wannan magana gaskiya ce ran da dutsen ya faɗa a kan 'yarmu, gaskiya ce ran da aka ɗaga shi a kan wanda muke ƙyamar halinsa. A Yohanna sura 8, waɗanda suka kawo matar nan suna da doka a hannunsu. Ubangiji bai ce abin da ta yi daidai ne ba, ya ma gargaɗe ta ta daina, amma sai da ya zubar da duwatsun tukuna.

Saura abin da ya fi kusa da gidajenmu. Iyaye sukan gane, ko su yi zato, cewa ɗansu yana da wannan hali, sai tsoron abin kunya ya kama su. Waɗansu su kore shi, ya faɗa bariki inda babu mai kwaɓarsa. Waɗansu kuma, su ne suka fi yawa, su yi maza su nemo masa 'yar mutane a ɗaura, wai aure zai gyara shi. A nan kam muna roƙo a tsaya. Dokar Ikilisiya, a sashe na 1057, ta ce yardar ma'aurata ce ke ƙulla aure. Sashe na 1103 ya ce auren da aka shiga bisa tilas ko matsanancin tsoro bai ƙullu ba, na 1098 kuma ya ce haka nan wanda aka yaudara don a sami yardarsa, aka ɓoye masa wani hali da zai iya dagula zaman. Yarinyar nan ba magani ba ce. Ita za ta kwana tana tuhumar kanta shekara da shekaru, dangin miji suna harararta, ba ta san abin da aka ɓoye mata ba. Iyalin da ya yi haka da sunan kare mutuncin aure, shi ya fi wata kotu a Amurka yi wa sakramentin rauni.

Ga wanda yake ɗauke da wannan nauyi a ransa yana karanta wannan shafi, kujerarsa a coci tana nan, baftismarsa ba ta goge ba. Abin da ya faɗa a wurin furta zunubi, sashe na 983 ya hana firist fitar da shi ga kowa, ko uba, ko katikis, ko ɗan sanda, ko da za a ɗaure firist ɗin. Iyayen da abin ya dama kuma su zo mu zauna tun ba a kai kuɗin gaisuwa gidan kowa ba.