Ciwon Sana'a: Ƙaddara Ce Ko Sakaci?

Shekarata 26 a kan keken ɗinki a Nkembo, nan Libreville. Yanzu in na yi ruku'u sai na dafa gwiwa na ɗan jinkirta kafin ƙugu ya yarda na ɗago. Maƙwabcina kafinta ne, kullum yana cikin ƙurar katakon okume, tarinsa kuwa har cikin shagona nake ji. Duk wanda ya zo gaishe mu cewa yake, "Sannu Alhaji, ƙaddara ce." Na yi imani da ƙaddara, mai daɗi da marar daɗi. Abin da ke damuna shi ne yadda muke rufe bakin tambaya da ita.

Ɗana da ke karatun likita ne ya ba ni labarin Ramazzini, wani likitan Italiya da ya fitar da littafi a 1700 kan cututtukan masu sana'a. Ya bi masu haƙar ma'adinai, da masu yin burodi, da masu yashe masai, har da mu teloli da dukawa, ya bayyana yadda dogon zama ke tanƙwara mana baya. Ya shawarci likita ya riƙa tambayar majinyaci sana'arsa. Wallahi da na ji haka sai da idona ya ciko. Ashe shekara 300 da suka wuce wani ya kula da bayan tela!

Kada a ce wannan ilimin Turawa ne kawai. Kafin Bature Besaliyus ya buga littafinsa na zanen sassan jiki a 1543, Ibnun Nafis, malamin fiƙihu kuma likita a Alƙahira, ya riga ya bayyana cewa jini na bi ta huhu daga wannan ɓangaren zuciya zuwa wancan. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ma ya yi rubutu kan maganin basir. Ba su ga saɓani tsakanin tawakkali da bincike ba. Sayyidina Umar ya juya da jama'arsa daga hanyar Sham saboda annoba, alhali ba wanda ya fi shi sanin ƙaddara a cikinmu.

A ganina jiki amana ne, kuma maigidan da ya bar yaronsa yana shaƙar ƙura ba takunkumi, za a tambaye shi.

Malamanmu, don Allah ku sa wannan cikin huɗubar Juma'a. 'Yan'uwana masu shago, duk yaron da tarinsa ya wuce mako 2, a kai shi asibiti a gwada shi.